Halittun da ke cin amoniya a ƙarƙashin ƙanƙarar teku

A gaɓar tsibirin Anvers, can yankin Antatika, Amurka tana da tashar bincike mai suna Palmer. A gaban tashar akwai wani lungun teku da ake kira Arthur Harbor, inda sanyin ruwa kan kusa kai digiri 2 ƙasa da sifili a lokacin hunturu. Gishirin da ke cikin ruwan ne ke hana shi daskarewa da wuri. A shekarar 1994 wani masani ɗan Amurka, Edward DeLong, da abokan aikinsa suka wallafa abin da suka gani a ruwan da aka ɗebo daga wannan gaɓa a ƙarshen hunturu. Cikin ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda kowa ya ɗauka bakteriya ne, wajen kashi ɗaya bisa uku ba bakteriya ba ne sam. Wasu halittu ne daban da ake kira arkiya.

Dalilin da ya sa wannan labari ya girgiza masana shi ne, a lokacin an riga an yanke wa arkiya mazauni. Tun 1977, da Carl Woese na Jami'ar Illinois ya nuna cewa su wani reshe ne na halitta mai zaman kansa, dabam da bakteriya, dabam kuma da mu da dabbobi da tsirrai, ana ganinsu a matsayin mazauna wuraren da ba mai iya zama: maɓuɓɓugan ruwan zafi masu tafasa, tafkunan da gishiri ya yi wa yawa, da tumbin shanu inda babu iska. A 1992 DeLong da wani masani, Jed Fuhrman, kowanne a nasa aikin, sun ga alamarsu a ruwan teku na yau da kullum. Sai ga su kuma jingim a ruwa mafi sanyi a duniya, mai cike da iskar oksijin. Da aka zo 2001, ƙidayar da aka yi a tekun Pasifik kusa da Hawai ta sa aka kiyasta cewa yawansu a tekunan duniya ya kai adadin da sai an rubuta 1 an jera masa sifili 28. Amma har lokacin ba wanda ya san abin da suke ci. An ƙirga su, an zana danginsu, ba a taɓa raya ko ɗaya a kwalba ba.

Kafin amsar ta zo, sai mun koma kan amoniya. Ba baƙuwa ba ce ga kowa. Ita ce warin nan mai hawa kai da ke tashi a ɗakin kaji idan an daɗe ba a kwashe kashi ba, ko a makewayin da fitsari ya kwana. Masu kiwon tarwada sun fi kowa sanin sharrinta, domin idan ta taru a ruwa kifi kan daina cin abinci, ya yi ta tasowa sama, daga nan sai asara. Duk abin da ke da rai yana ɗauke da sinadarin naitirojin a naman jikinsa. In ya mutu ya ruɓe, ko ya yi kashi da fitsari, naitirojin ɗin kan fito a siffar amoniya. Da a ce haka take taruwa ba mai taɓa ta, da ruwa da ƙasa sun gurɓace tuntuni. Akwai masu sarrafa ta, kuma aikin hawa biyu ne. Wasu ƙwayoyin halitta suna haɗa amoniya da oksijin su mai da ita naitirait. Wasu kuma daban su karɓi naitirait su mai da shi naitiret, wanda tsirrai ke sha. Manomin da ya zuba takin yuriya a gonar masara, wannan aiki ne ke gudana a ƙarƙashin ƙafarsa: yuriya ta koma amoniya cikin 'yan kwanaki, amoniya ta koma naitiret cikin 'yan makonni, abin da shuka ba ta sha ba ruwan sama ya wanke shi.

An san da wannan tun ƙarni na 19. A 1877 wasu Faransawa biyu, Schloesing da Müntz, suka riƙa tsiyaya ruwan kwatami ta cikin yashi, suka ga amoniya tana komawa naitiret, amma da suka saka maganin sa barci na kulorofom sai aikin ya tsaya cik. Wato mai rai ne ke yin sa. A wajen 1890 Sergei Winogradsky, yana aiki a birnin Zurich, ya ware bakteriyar da ke yin aikin. Daga nan fiye da shekara 100 duk littafin makaranta abu ɗaya yake faɗa: bakteriya ne ke cin amoniya, a ƙasa da a ruwa. Matsalar ita ce idan aka je teku aka ƙirga waɗannan bakteriya, sai a tarar sun yi kaɗan ƙwarai idan aka gwada da yawan naitiret ɗin da ake samu. Lissafin bai taɓa fita daidai ba, aka dai ci gaba da koyar da shi haka.

Amsar ba daga Antatika ta fito ba. Daga gidan nunin kifaye na birnin Seattle ta fito. A 2005 Martin Könneke da wasu masana na ɗakin binciken David Stahl a Jami'ar Washington suka ɗebi tsakuwa daga ƙasan wani tankin kifi na ruwan gishiri, suka yi ta renon abin da ke jikinta a ruwan da babu komai sai amoniya da gishirin kabon. A ƙarshe halitta guda ta rage, arkiya, aka sa mata suna Nitrosopumilus maritimus. Siffarta kamar ɗan guntun sanda, kuma ko an jera dubu ɗaya kai da kai ba za su cika milimita ɗaya ba. Ba ta bukatar hasken rana. Ba ta bukatar sukari ko wani abinci da wata halitta ta haɗa. Ƙarfin da take samu daga ƙona amoniya da shi take kama iskar kabon da ta narke a ruwa ta gina jikinta. Da aka duba, sai aka ga 'yar uwa ce ta kusa ga waɗancan arkiya na gaɓar Palmer.

Cin amoniya ba sana'ar arziki ba ce. Ƙarfin da ke cikinta kaɗan ne, sai an ƙona da yawa kafin a gina ɗan abu. Ko a ɗakin bincike, inda aka tanadar mata komai, wannan halitta tana ɗaukar kusan kwana guda kafin ta rabu biyu, alhali bakteriyar hanjin mutum kan yi haka cikin minti 20. To da me ta fi sauran har ta cika teku? Da iya tsinta. A 2009 an auna an ga tana iya rayuwa a ruwan da amoniyar cikinsa ba ta wuce giram ɗaya a lita miliyan 5 da ɗoriya ba, matakin da bakteriyar Winogradsky ba za su iya komai da shi ba. Kamar masu kala ne a gonar da aka gama girbi: abin da mai gona bai ga ya kai a sunkuya a ɗauka ba, da shi suke cika buhu. An kuma gano a 2014 cewa hanyar da suke bi su kama kabon ita ce mafi tattalin ƙarfi cikin duk hanyoyin da aka sani a halittun da ke rayuwa cikin oksijin. Halittar da ke samun kaɗan, take kuma kashe kaɗan, ita ce ta dace da wurin da babu rana wata da watanni.

A nan ne gaɓar tekun ƙanƙara ta zama wuri na musamman. A garin Utqiagvik na arewacin Alaska, wanda a da ake kira Barrow, rana kan faɗi a tsakiyar Nuwamba ba ta sake fitowa sai ƙarshen Janairu. A Palmer, inda hunturu ke zuwa daga Yuni, rana ba ta ɓacewa ɗungurungum, amma 'yan sa'o'i take leƙowa can ƙasa-ƙasa, ƙanƙara da dusarta kuma su tare abin da ya rage na haske. Gansakukar teku, wato ƙananan tsirran da ke yawo a ruwa waɗanda kusan duk abincin teku ya dogara a kansu, kan kwanta. An daɗe ana ɗaukar wannan lokaci a matsayin barci, ana ganin teku na jiran bazara ne kawai. Ashe ba haka ba ne. Binciken da Alison Murray ta jagoranta a Anvers, wanda ya fito a 1998, ya nuna arkiya suna da yawa a saman ruwa a hunturu, sai su ragu sosai da zarar rana ta dawo gansakuka ta fara yaɗo. An ga irin wannan a gaɓar Alaska, inda saurin sarrafa amoniya a hunturu ya ninka na bazara sau da dama. Idan bazara ta yi, sai a same su can ƙasa, a wani shimfiɗaɗɗen ruwa mai tsananin sanyi da ya rage daga hunturun da ya wuce, da kuma ruwan da ke ƙasa da shi.

Abubuwa uku ake dangantawa da wannan gudun bazara, kuma ba dole ne ɗaya ya kore sauran ba. Akwai haske kansa: gwaje-gwaje sun nuna yana dakushe aikin masu cin amoniya, kuma ya fi cutar da arkiya a kan bakteriya. Akwai gasa: gansakuka ma tana son amoniya, ta ma fi son ta a kan naitiret domin ta fi sauƙin sarrafawa, kuma idan ta sami rana tana wawashe ta da saurin da arkiya ba za su iya bi ba. Na ukun ya fi ban mamaki. Hasken rana idan ya bugi ruwan teku yana haifar da ɗan sinadarin haidirojin feroksaid, irin wanda ake wanke ciwo da shi a asibiti yana kumfa. Bradley Tolar da James Hollibaugh na Jami'ar Jojiya sun nuna a 2016 cewa ɗan ƙanƙanin wannan sinadari ya isa ya hana arkiya aiki, kuma na tekun Antatika sun fi na wurare masu ɗumi rauni a gabansa. Da yawa daga cikinsu ba su da sinadarin jiki da ke karya feroksaid, sai dai su dogara ga maƙwabtansu su share musu shi.

Yadda ake gano duk wannan aiki ne na wahala da haƙuri. A Alaska sai an hau babur ɗin ƙanƙara an shiga kan daskararren teku, a huda rami, a kafa tanti a kansa don kada ruwan da aka jawo ya daskare a cikin tiyo. A Palmer da ƙananan jiragen roba ake fita idan iska ta lafa. Ana zura kwalabe masu murfi biyu zuwa zurfin da ake so, a rufe su daga sama. Wani kaso na ruwan a tace shi ta matatar da ƙofofinta suka fi bakteriya ƙanƙanta, a daskarar da matatar, daga baya a ƙirga wata ƙwayar gado mai suna amoA, wadda duk mai cin amoniya ke da ita, kuma ta arkiya ta sha bamban da ta bakteriya. Da wannan ƙidaya aka tabbatar arkiya sun rinjayi bakteriya nesa ba kusa ba a yawancin ruwan yankunan biyu. Sauran ruwan kuma a ɗiga masa amoniyar da aka yi wa alama da naitirojin mai nauyi, a rufe shi a duhu a sanyin da ya yi daidai da na teku, bayan kwana ɗaya ko biyu a auna nawa ne daga cikin mai alamar ya koma naitirait da naitiret. Ƙidaya tana faɗin su nawa ne, wannan gwajin kuma shi ke faɗin ko aiki suke yi ko zaune kawai suke. Mai karanta irin waɗannan rahotanni ya kamata ya riƙa bambance biyun, domin an sha samun wurin da suke da yawa amma aikin kaɗan.

Ina suke samun amoniyar a tsakiyar duhu? Daga ragowar bazara. Gansakukar da ta mutu tana nutsewa tana ruɓewa. Ƙananan jatan landen Antatika da ake kira kiril, masu yawo garke-garke, suna fitar da amoniya kai tsaye. A tsibiran da tsuntsayen fenguwin ke taruwa dubbai don ƙyanƙyasa, kashinsu kan gangara cikin ruwan gaɓa. A Aktik kuma, wato yankin ƙanƙara na arewacin duniya, akwai manyan koguna, Ob da Yenisei da Lena daga Rasha, da Mackenzie daga Kanada, masu kwararo da abin da suka wanko daga tudu. Amma a hunturun 2007 zuwa 2008, da jirgin fasa ƙanƙara na Kanada mai suna Amundsen ya zauna a tekun Beaufort, an ga wani abu da bai dace da wannan bayani ba. Arkiya sun ƙaru daga kashi 6 cikin 100 na ƙananan halittun ruwan a Janairu zuwa kashi 18 a Maris, alhali amoniyar da ke wurin ba ta taka kara ta karya ba. Laura Alonso-Sáez da abokan aikinta suka bincika ƙwayoyin gadonsu, suka tarar da yawa suna da kayan aikin fasa yuriya. Yuriya dai ita ce wadda ke cikin fitsarin dabbobi, ita ce kuma ta buhun taki. Idan aka fasa ta, amoniya biyu ke fitowa da kabon ɗaya, wato makamashi da kayan gini a ƙunshi guda.

Abin lura shi ne waɗannan halittu ba sa ƙara wa teku naitirojin ko ƙwaya ɗaya. Siffarsa kawai suke sauyawa. Amma siffar ce ke yanke inda zai tafi. A Aktik, inda ƙarancin naitirojin ne ke taƙaita yaɗon gansakuka, naitiret ɗin da aka tara a hunturu yana cikin abin da tsirrai ke tarar da shi idan rana ta dawo. Wani kason kuma yana shiga laka a ƙasan tekunan Bering da Chukchi marasa zurfi, inda wasu bakteriya ke mai da shi iskar naitirojin ya fice daga ruwan gaba ɗaya. A Antatika labarin daban ne: naitiret ya yi yawa har ba a iya shanye shi, abin da ya yi ƙaranci shi ne sinadarin ƙarfe. A can muhimmancin arkiya ya fi fitowa a lissafi. Masana sun daɗe suna ɗaukar cewa duk naitiret ɗin da gansakuka ta sha daga zurfin teku ya taso, saboda haka suna amfani da shi su kiyasta yawan kabon da teku ke nutsarwa ƙasa. In kuwa wani kaso nasa a nan saman ruwa aka sake haɗa shi cikin hunturu, to kiyasin ya zarce gaskiya. Ga tekun da ke cikin manyan masu shanye hayaƙin kabon na duniya, wannan ba ƙaramin gyara ba ne.

Suna da wasu ayyukan na gefe. A 2011 Alyson Santoro ta nuna cewa arkiyar teku suna fitar da iskar naitiros oksaid yayin da suke cin amoniya, irin iskar nan da likitan haƙori ke shaƙa wa majiyyaci. Kilo ɗaya nata yana riƙe zafi daidai da kilo 273 na iskar kabon a tsawon shekara 100, tana kuma cin rufin ozon. A ɗaya gefen, suna cikin manyan masu haɗa bitamin B12 a teku, wanda yawancin gansakuka ke bukata amma ba ta iya haɗawa da kanta. A tekun Ross na Antatika an gwada an ga ƙara B12 tare da ƙarfe yana sa gansakuka ta fi yaɗo a kan ƙarfe shi kaɗai. Wato halittar da gansakuka ke kora idan bazara ta yi, tana cikin masu samar mata abin da take bukata.

Yanzu sharuɗɗan zaman nasu suna sauyawa. Daga 1979 zuwa yau Aktik tana ɗumama kusan ninki huɗu na saurin sauran duniya. Mutum zai zaci ɗumin ne zai fi shafar su, amma gwajin da aka yi a gaɓar Alaska ya nuna ƙara wa ruwa 'yan digiri bai sauya saurin aikinsu sosai ba, sai dai ya ƙara wa abokan gasarsu kuzari. Abin da ya fi taɓa su shi ne rufin da ke kansu. Ƙanƙara idan ta narke da wuri, ko ta yi siriri, haske yana ratsawa zuwa inda a da duhu ne, kuma masu binciken Jafan da suka yi aiki a tekun Chukchi sun nuna hakan na rage sarrafa amoniya a wuraren marasa zurfi. Ga kuma tsamin ruwa. Ruwan sanyi ya fi na ɗumi shanye iskar kabon, kabon kuma na ƙara masa tsami, tsamin ya mai da amoniya wata siffa da ta fi wuyar kamawa. Idan aikinsu ya ragu, amoniya za ta fi yawa a kan naitiret, kuma hakan kan fifita gansakuka mafi ƙanƙanta a kan manyan nau'o'in da ƙananan dabbobin ruwa suka fi dogara da su, waɗanda su kuma kifi ke ci. A ganina wannan sarƙa ta fi naitiros oksaid cancantar a sa mata ido, ko da yake ita iskar ta fi samun shiga labarai.

Akwai wani amfani da aka samu daga arkiya wanda ba shi da alaƙa da amoniya. Fatar jikinsu an gina ta da wani irin maiƙo mai taurin kai da ba ya saurin ruɓewa, kuma suna sauya tsarinsa gwargwadon ɗumin ruwan da suke ciki: ruwa ya yi ɗumi, zobban da ke cikin maiƙon su ƙaru. Idan sun mutu maiƙon ya nutse ya kwanta a laka, ya yi shekaru miliyoyi. A 2002 Stefan Schouten da abokansa a cibiyar binciken teku ta ƙasar Holan suka mai da wannan ma'aunin zafi, suka kira shi TEX86. A 2004 aka haƙo laka daga tudun Lomonosov da ke ƙarƙashin teku kusa da ƙuryar arewacin duniya, aka auna maiƙon arkiyar da suka rayu shekara miliyan 55 da suka wuce, lokacin da duniya ta yi wani ɗumi na gaggawa saboda kabon da ya kwarara cikin iska. Ma'aunin ya nuna ruwan saman Aktik ya tashi daga wajen digiri 18 zuwa sama da 23. Masana suna taka-tsantsan da wannan ma'auni a ruwan sanyi, domin arkiyar yankunan ƙanƙara a hunturu da kuma can ƙasa suka fi rayuwa, saboda haka zafin da maiƙonsu ya rubuta ba lallai ne ya zama na saman ruwa a duk shekara ba. Shi ya sa masu karanta tsohuwar laka suke bibiyar aikin masu huda ƙanƙara a Alaska da Palmer: sai an san watan da halittar ke girma da zurfin da take zama kafin a fassara abin da ta bari a ƙasan teku.